AWON LAFIYAR TSOFAFFI: MI SU KE SO SU IYA YI DA KANSU?

Ƴan karatun manya na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da na ƙauyuka duka, maza da mata, sannunku da ƙoƙari. Wanda ya ji wanga bayani a rediyo, ga shi a rubuce, ya karanta sannu-sannu. Wanda karatunshi bai yi ƙarfi ba tukuna, ya matso kusa da mai takarda.

Yau maganarmu ta awo ce. Kowa ya san awo. Hatsi da tiya a ke auna shi. Yadi da mita. Idan kun je likita, a aza jinjiri bisa sikeli a ga nauyinshi. A sa ma'aunin zafi cikin hammata. A ɗaure ma babba hannu a auna tansiyo. Duk waɗannan, lamba ce ta ke fitowa, a rubuta ta cikin takarda.

To, ga tsoho zaune ƙofar gida. Ba shi da zazzaɓi. Tansiyo nashi daidai. Amma ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi. Wanka sai an yi mishi. Kasuwar da ya ci shekara 40 yana zuwa, ya daina. Wanga mutum lafiya gare shi, ko ba shi da lafiya? Da wace tiya za a auna abin da ya rasa?

Masu binciken lafiya sun daɗe suna neman amsar wannan tambaya. Kuma maganar tana ƙara nauyi, don tsofaffi suna ƙaruwa cikin duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta yi lissafi cewa kafin shekara ta 2030, mutum 1 cikin 6 a duniya zai zama mai shekara 60 ko fiye. Nan Nijar yara sun fi yawa nesa ba kusa ba. Masu shekara 60 ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya. Ku yi lissafi da kanku, za ku ga tsofaffinmu dubu ɗaruruwa ne. Kowane gida yana da nashi.

A shekara ta 1963, can ƙasar Amurka, wani likita mai suna Sidney Katz da abokan aikinshi suka fito da wani awo. Tsofaffi su ke dubawa a asibiti, da yawa cikinsu sun karye a ƙugu. Suka ware ayyuka 6 na kullum. Wanka. Sa tufafi. Zuwa bayan gida. Tashi daga gado. Riƙe fitsari da bayan gida. Cin abinci. A kan kowane ɗaya sai a duba: tsoho yana yi da kanshi, ko sai an taimake shi? Sun lura da wani abu. Wanka da sa tufafi su ne su ke fara kuɓucewa. Kai loma baki shi ne na ƙarshe. Idan kuma sauƙi ya zo, ta ƙasa ya ke farawa, kamar yadda yaro ya ke koyo: ci tukuna, sannan sauran. Mata masu jinyar iyayen miji sun san haka ba tare da takarda ba.

A 1969 waɗansu mutum biyu, Lawton da Brody, su ma a Amurka, suka ƙara ayyuka 8 na zaman gida: buga talho, cefane, girki, gyaran gida, wanki, tafiya da mota, shan magani bisa ƙa'ida, da riƙon kuɗi. Da farko maza ba a ƙidaya musu girki, da wanki, da gyaran gida. Ashe can ma haka abin ya ke a lokacin.

Waɗannan awo suna da amfani, har yau ana aiki da su. Amma ƙidaya kawai su ke yi. Ku ɗauki tsofaffi biyu. Kowane ya iya 5 cikin 6. Na farko wanka ne ya gagare shi, jikanshi yana zuba mishi ruwa. Na biyu fitsari ne ba ya iya riƙewa. Ya daina zama majalisa, ya daina shiga sahu, don kunya. A takarda lambarsu ɗaya. A zuciya kuwa ba ɗaya ba. Tiyar gero da tiyar dusa duka tiya ce, amma kuɗinsu dabam.

Shi ya sa masana suka ce ƙidaya ba ta isa ba, sai an tambayi mutane nauyin kowane abu. Wane ne ya fi ciwo a rasa? Wane ne mutum zai iya haƙura da shi?

A 1987 waɗansu masana na Turai suka haɗu, daga Ingila, da Holan, da Suwidin, da Norwe, da Finlan. A 1990 suka fito da wata gajeruwar takarda, wadda a ke kira EQ-5D. Tambaya 5 ce kawai. Tafiya. Kula da jiki, wato wanka da sa tufafi. Aikin da aka saba yi kullum. Ciwo. Damuwa da ɓacin rai. Kowace tambaya tana da amsa 3: babu matsala, akwai kaɗan, akwai mai tsanani. Masu son lissafi, ga aiki: 3 sau 3, sau 3, sau 3, sau 3. Zai ba ku 243. Wato hali 243 dabam-dabam da mutum zai iya samun kanshi ciki. Daga baya an yi wata mai amsa 5.

A bayan takardar akwai layi guda a tsaye, kamar ma'aunin zafi. Ƙasa an rubuta 0, sama an rubuta 100. Lamba 100 ita ce lafiyar da ta fi kowace kyau da mutum zai iya tunani. Lamba 0 ita ce wadda ta fi kowace muni. Sai a ce: nuna inda ka ke yau. Wanda ya san lambobi ya nuna da kanshi. Wanda bai sani ba sai ya dogara ga yatsan wani.

Yanzu ga wuri mai wuya, ku saurara da kyau. Yaya a ke gane nauyin kowane hali cikin 243 nan? Akwai wata dabara da wani masani na Kanada, George Torrance, da abokanshi suka bayyana a 1972. Ciniki ne, amma da shekaru a ke yinshi. Mai bincike ya ce maka: a misali, ga hanya biyu. Hanya ta farko, shekara 10 kana fama da ciwon gwiwa, ba ka iya zuwa gona. Hanya ta biyu, shekara 9 kana garau. Wace ka ke so? Idan ka ɗauki 9, sai ya rage: to, 8 fa? Haka zai yi ta ragewa, kamar mai taya akuya a kasuwa, har ku kai inda hanyoyin biyu suka zama daidai a wurinka. Idan a 8 kuka tsaya, sai ya rubuta: wanga ciwo, a wurin wanga mutum, ya bar mishi 8 cikin 10 na daɗin rayuwa. Idan a 3 kuka tsaya, ciwon ya yi nauyi ƙwarai ke nan. A tambayi mutum ɗaruruwa ko dubbai, a haɗa amsoshin, a fidda matsakaici.

Na san abin da dattijo zai ce idan ya ji haka. Zai ce: rai a hannun Allah ya ke, wa ya ba ni shekara 10 balle in sayar da 2? Gaskiyarshi. Mai bincike ma ba shi da shekara ko ɗaya a aljihu. Misali ne kawai, kamar lissafin da mu ke yi bisa allo, mu ce Abdu yana da tumaki 10, alhali babu Abdu, babu tumaki. Duk da haka ni a ganina wannan tambaya ba ta dace da bakin kowa ba. Akwai hanyoyi masu sauƙi. A nuna ma tsoho abu 5, a ce ya zaɓi wanda ya fi kyau da wanda ya fi muni. Ko a ba shi tsakuwa 10 da hotuna, ya raba, inda ya fi muhimmanci ya tara da yawa.

Kada ku ce wannan wasan ƴan boko ne. Kuɗi ne a bayanshi. A Ingila akwai wata hukuma mai suna NICE, an kafa ta a 1999. Ita ke duba magani da aikin likita, ta ce wanga ya cancanci kuɗin gwamnati, wancan bai cancanta ba. Da irin waɗannan lambobi ta ke aiki. Shekara 1 ta cikakkar lafiya ana lissafa ta 1. Shekara 1 ta rabin lafiya ana lissafa ta rabi. Maganin da ya ƙara yawan wannan lissafi da kuɗi kaɗan shi ke shiga gaba. Kun ga ke nan, abin da takarda ba ta tambaya ba, kuɗi ba su ganinshi.

Ga misali. Cikin tambayoyi 5 na EQ-5D babu tambayar gani, babu ta ji. Alhali yanar ido tana kan gaba cikin abubuwan da ke makantar da mutane a duniya, kuma tsofaffi ta fi kamawa. Aikin cire ta ba ya daɗewa. Tsohuwar da aka cire ma yana za ta sake tsince tsakuwa cikin wake, ta gane fuskar jikanta. Idan awo bai kama wannan da kyau ba, sai aikin ya yi kamar ba shi da riba sosai. Masana sun lura da haka, har suna gwada ƙara tambayar gani da ta ji bisa 5 ɗin nan.

To, da aka tambayi tsofaffi da kansu, mi suka ce?

A shekara ta 2000 an buga wani bincike na birnin Sidni, ƙasar Ostareliya. Mata 194 aka tambaya, kowace ta kai shekara 75. Aka kwatanta musu karayar ƙugu mai muni, wadda za ta sa mace ta kasa kula da kanta, a ɗauke ta daga gidanta a kai ta gidan tsofaffi. Can suna da irin waɗannan gidaje, inda ma'aikata ke jinya, ba dangi ba. Cikin 100, mata 80 suka ce gara mutuwa da wannan. Ba zafin karayar suka fi tsoro ba. Barin gida da zama a hannun wasu suka fi tsoro.

A 2002, a Amurka, an tambayi mutum 226 masu shekara 60 ko fiye, duka masu ciwo mai tsanani: kansa, ko ciwon zuciya, ko na huhu. Aka ce, ga magani mai sauƙi, zai maida ku yadda ku ke. Kusan duka suka ce suna so. Aka ce, to, idan zai bar ku da rai amma kwance, ba ku iya komi da kanku fa? Wajen 74 cikin 100 suka ce a bar shi. Idan kuma zai bar su da rai amma hankali ya gushe, wajen 89 cikin 100 suka ƙi.

Kada ku yi saurin cewa tsofaffi sun gaji da duniya. Ga wani bincike na 1998, shi ma a Amurka. Mutum 414, kowane ya kai shekara 80, kuma suna kwance asibiti. Aka yi musu cinikin nan: shekara 1 cikin halin da ku ke, ko ƙasa da haka cikin cikakkar lafiya? Wajen 41 cikin 100 suka ce ba su ba da komi. Ko kwana ɗaya. Halin da su ke ciki ya ishe su. An tambayi danginsu a gefe, aka ce ku faɗi abin da tsohonku zai amsa. Sau da yawa ba su dace ba. Waɗansu sun zaci tsohon zai ba da watanni, alhali shi yana riƙe da kwanakinshi gam.

Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. Ɗa yana son ubanshi, amma ba ya cikin jikinshi. Saurayi ya ga tsoho da sanda, ya ce wayyo. Tsohon kuwa yana godiya, sandar ce ta kai shi gaisuwar mutuwa unguwar gaba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke mishi yoyo.

A Ingila waɗansu masana suka sake hanya. Ba su tafi da tambayoyi a shirye ba. Suka zauna da tsofaffi 40 masu shekara 65 ko fiye, suka bar su suka yi ta hira. An buga sakamakon a 2006. Abu 5 suka fito: ƙauna da zumunci, kwanciyar hankali game da gobe, yin abin da ke sa mutum ya ji yana da amfani, jin daɗi, da ikon kai. Lafiya kanta ba ta fito a matsayin abin nema ba. Hanya ce ta kai wa ga waɗannan. Daga nan aka yi wani awo na tsofaffi mai suna ICECAP-O.

Afirka ma an fara. An buga nauyin da mutanen Zimbabuwe suka ba halayen EQ-5D a 2003, na Habasha kuma a 2020. Daga 2007 zuwa 2010 OMS ta yi babban binciken tsufa a ƙasa 6, an tambayi masu shekara 50 ko fiye. Gana da Afirka ta Kudu suna ciki. Dalilin yin haka a fili ya ke. Tiyar wata kasuwa ba ita ce ta wata kasuwa ba.

Ku duba yadda tambayar waje ta ke tuntuɓe idan ta iso ƙauye. Wata takarda tana tambaya: kana iya hawa bene? Tsoho bai taɓa ganin matakala a gidanshi ba. Amma a tambaye shi tsugunno. Nan komi a ƙasa a ke yi: ci a ƙasa, alwala a tsugune, bayan gida a tsugune, salla da ruku'u da sujada. Gwiwar da ta isa mai zama bisa kujera ba ta isa mai zama bisa tabarma ba. Dattijon da ya koma salla a zaune, likita zai ce abin kaɗan ne. Shi kuwa watakila tsakuwa 6 cikin 10 zai aza a kan wannan kaɗai.

Ga wani tuntuɓe. A tambayi tsohuwa: kina girki? Ta ce a'a. Kina daka? A'a. Kina jan ruwa? A'a. Mai bincike ya rubuta: ta kasa. Alhali garau ta ke. Surukai gare ta guda biyu, ta gama nata, yanzu lokacin hutu ne da girma. Ba ta yi dabam, ba ta iyawa dabam. Wata kuma tana daka kullum da ciwon baya, don babu mai yi mata. Takarda ta ce lafiyarta lau.

Sannan ga gaisuwarmu. Ka ce ma majinyaci: yaya jiki? Ya ce da sauƙi, ko da yana nishi. Tarbiyya ce, ba ƙarya ba. Amma mai biro ba gaisuwa ya zo ba. Ga kunya kuma. Wace tsohuwa za ta faɗa ma saurayi sa'an jikanta maganar fitsari, gaban jama'a? Mace ya kamata ta tambayi mace, cikin ɗaki. Har shekaru ma aiki ne, don da yawa ba su da takardar haihuwa. Sai a bi da tarihi. Wanda aka haifa shekarar ƴancin kai, 1960, ya cika 60 a 2020. Wadda ta ce tana goyon ɗan fari lokacin farin 1973 da 1974, ana iya kintata nata.

Yanzu idan masu bincike suka zo gidanku, mi za ku yi, ku da kuka iya karatu? Ku tambaye su daga ina su ke, kuma mi za a yi da amsar. Ƙa'idar bincike ita ce sai da yardar mutum. Akwai takardar yarda. Ku karanta ta da ƙarfi, tsoho ya ji da kunnenshi, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Yana da ikon ya ƙi. Yana da ikon ya tsaya a tsakiya, ya ce ya gaji. Ƙinshi ba ya hana a duba shi a likita. Sunanshi kuma ba na yaɗawa ba ne. Ku sani kuma mai tambaya ba lalle ya zo da magani ko taimako ba. Kada ku ƙara ma ciwo gishiri don zaton rabo, kada kuma ku rage don kunya. Lambar da aka ɓata a gidanku za ta shiga lissafin ƙasa.

Abin da ya fi wuya shi ne ku yi shiru. Baba zai yi jinkiri, zai kewaya, zai kawo labarin da. Bakinku zai yi ƙaiƙayi ku amsa mishi. Ku bar shi. Idan ba ya ji sosai, ku maimaita mishi tambayar yadda aka yi ta, ba ƙari ba ragi. Idan kun ga yana jin nauyinku, ku tashi ku ba su wuri.

Ga aikin wanga mako. Kowa ya ɗauki kaye nashi. Ku ja layi a tsaye, ku rubuta 0 ƙasa, 50 tsakiya, 100 sama. A gefe ku rubuta kalmomi 5: tafiya, wanka, gani, ji, zumunci. Ku sami tsoho ko tsohuwa na gidanku, bayan an ci abincin dare. Ku nemi izini. Ku zana wuri 5 a ƙasa, ku faɗi sunan kowane, ku ba su tsakuwa 10 su raba. Ku tambaye su ko akwai abu na 6 da muka manta, ku rubuta shi da kalmarsu. Kafin ku fara, ku rubuta a ɓoye abin da ku ke zato za su zaɓa. Kada ku sa sunan kowa. Ranar karatu ku kawo ma malaminku, a haɗa na maza dabam, na mata dabam, a yi jimla bisa allo.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Ku gaida tsofaffin gida.